Kuɗin da Na Yi wa Gidan Tillman

Litinin, 4 ga Oktoba

Hukumar lasisi ta sake aiko da takarda. Ba za a sabunta lasisi ba sai an zauna kwas ɗin ɗa'ar aiki da kauce wa son zuciya, awa bakwai cur. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa gidajen birnin Milwaukee kuɗi, ina ƙiyasta wa bankuna darajarsu, yau ne za a koya mini kada in cuci mutane. Duane, da muke ofis ɗaya, ya leƙo daga teburinsa ya ce, "Bernie, ki yi wanka, za a kankare mana zunubi ranar Asabar." Na yi dariya. Mun yi rajistar na sha shida ga wata, a yi a wuce wurin.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Gida uku yau. Gwiwa ta sake tashi a matakalar na ƙarshe.

Asabar, 16 ga Oktoba

An yi kwas. A wani otal kusa da filin jirgi, mu talatin da huɗu, kusan kowa da furfura. Baƙaƙen fata biyu ne a cikinmu, sai malamar ta uku. Ni da Duane muka kama kujerun baya kamar 'yan firamare.

Sunanta Misis Vernetta Broadnax. Na zata irin masu wa'azin nan ce da ba su taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Ashe shekara ashirin da shida tana wannan aikin. Kafin ƙarfe tara ta kama wani dattijo da kuskuren auna ɗakin sama, ta gyara masa cikin raha. Daga nan kowa ya gyara zama.

Da safe doka ce zalla, na yi ta hamma. Bayan abincin rana ta raba mana ambulan, kowa ɗaya. Bayanin wani gida ne da hotunansa, da jerin gidaje shida da aka sayar a kusa. Ta ce kowa ya zaɓi uku da zai kwatanta da su, kamar yadda muke yi kullum, ya faɗi kuɗin gidan. Aikin da nake yi ido rufe. Minti goma na gama.

Sai ta rubuta lambobinmu a allo, kashi biyu. Ashe gida ɗaya ne a dukkan ambulan ɗin, adireshi ɗaya, awo ɗaya. Hotunan iyali da ke bangon falon kawai aka canza. Rabinmu sun ga Turawa, rabinmu baƙaƙe. Kashi na biyu sun fi ƙasa da kusan dala dubu sha ɗaya. Ina kashi na biyu. Tawa lambar ita ce ta uku daga ƙasa.

Ɗaki ya kaure. Wani ya ce dabara ce. Duane ya ce, "Madam, mu ba mu ke yin kasuwa ba, faɗin abin da ta ce kawai muke yi." Ta ce, "Haka ne, Mista Hostetler. To wa ke zaɓar gidaje ukun da za su yi magana da yawun kasuwar?"

Ni dai na rantse ban kalli bangon ba. Sai dai yanzu da nake rubutun nan ina ganin hoton sarai. Iyalin ne cikin shuɗɗan rigunan mawaƙan coci.

Da za a tashi ta ce, "Ban ce ku miyagu ba ne. Da miyagu ne da aikina ya yi sauƙi. Wanda ya ga dama ya ɗauko tsofaffin fayil goma, ya duba wane titi ne bai taɓa tsallakewa ba in yana neman gidajen kwatance. Sannan ya tuna wa ya ce masa kada ya tsallake. Ba dole ba ne, takardarku dai kun samu."

Na karɓi takardata. Shi ke nan kuma.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Na kai wa Baba pierogi, 'yan ƙunshin fulawa masu dankali a ciki, a gidan kula da tsofaffi. Ya ci huɗu. Na ba shi labarin kwas, ya yi dariya har da tari. Shi ma aikin da ya yi ke nan, ya ce a zamaninsa tef da fensir ne kwas.

Talata, 19 ga Oktoba

Ruwan sama, wani mai gida ya ɗaga alƙawari. Don in kashe lokaci na ciro fayil goma na arewacin gari daga kabad. Ba don matar nan ba. So nake in nuna wa kaina babu komai.

Holton. Titin Holton ne, yamma da shi unguwar baƙaƙen fata, gabas ta Turawa. In gida yana yamma da shi, duk gidajen kwatancena daga yamma suke, ko da sai na yi tafiyar mil guda. Gabas kuwa ko layi ɗaya ne ban taɓa leƙawa ba. Kowa ya san haka ake yi. Duane ma haka yake yi.

Na fara da na saman, na kasa wuce shi. Elbert Tillman, watan Satumba, shekara biyu da suka wuce.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na tuna shi. Ban so ba, amma na tuna.

Dogon dattijo, baƙar fata, ya yi ritaya daga masana'antar narka ƙarfe. Gida mai bene, layi biyu yamma da Holton. Matarsa Odessa ɓarin jikinta ya shanye, tana zaune a keken guragu a falo. Rance yake nema a kan gidan don ya yi mata banɗaki da ɗakin kwana a ƙasa, da gangara a ƙofar gida, saboda a bayansa yake hawa da ita bene. Banki ya ce sai gidan ya kai dubu ɗari da hamsin.

Ya tare ni da wata jakar takardu mai kauri. Rasit ɗin sabon rufi, sabon injin ɗumama gida, wayoyin lantarki. Ya ce, "Madam, komai yana nan, ki duba." Na ce ya ajiye a tebur. A fayil ɗina babu kwafin ko ɗaya. A wurin yanayin gida na rubuta "matsakaici".

Gidajen da na kwatanta da su: uku, duk yamma. Ɗaya ma banki ne ya ƙwace ya sayar, tagoginsa a toshe da katako. Na sa dubu ɗari da sha takwas.

Daga baya ya rubuto ta hannun banki yana roƙon a sake dubawa. Ya haɗo da adireshi uku na gabas da Holton. Amsata tana nan, layi biyu ce: "Gidajen da aka kawo suna wata kasuwa daban. Ƙiyasi yana nan yadda yake." Da sa hannuna.

Yau na nemo gidajen nan uku. Magina ɗaya suka gina su da nasa, shekara ɗaya, fasali ɗaya. Makaranta ɗaya, bas ɗaya. Mafi nisa tafiyar minti shida ce a ƙafa. An sayar da su tsakanin dubu ɗari da saba'in zuwa da tamanin da biyar.

Na yi lissafin sau uku, ina rage duk abin da gaskiya ta yarda a rage, domin gabas ta fi tsada, ba ƙarya ba ne. Duk yadda na matse, ba ya sauka ƙasa da dubu ɗari da hamsin da biyar.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba

Na duba rajistar filaye. Wata goma bayan zuwana, Tillman ya sayar wa wani kamfanin masu saye su gyara, dubu ɗari da ashirin da ɗaya. Wata bakwai bayan haka kamfanin ya sayar dubu ɗari biyu da huɗu. Na ga hotunan tallan. Fenti, sabon kicin, fitilu. A tallan har da "sabon rufi". Rufin Tillman.

Muna cin soyayyen kifin Juma'a na gaya wa Duane. Ya ajiye cokali ya ce, "Ke Bernie, kin haukace? Mayar da fayil ɗin nan kabad. Kin bi ƙa'ida, banki ya karɓa, an wuce wurin. Ni ma da ni ne haka zan yi." Na ce abin da ke damuna ke nan. Ya ce, "Awa bakwai kawai matar nan ta yi da ke. Da kwana biyu ne da kin shiga gidan zuhudu." Ban yi dariya ba, shi ma daga baya ya daina.

Ya ce in dai na nace, in kira lauyan inshorarmu kafin in buɗe baki ga kowa.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Wurin Baba da safe, lokacin da hankalinsa ya fi zama daidai. Na tambaye shi wa ya ce ba a tsallake Holton.

Ya ce, "Wa ya ce? Ba wanda ya ce. Kogi ne, 'yar nan. Ana tambayar wa ya ce kogi?"

Na ce ai gidan kaka ma yamma yake, a can aka haife shi.

Ya ce, "Shi ya sa na sani. Da idona na ga unguwar ta juya. Muka sayar da arha muka gudu. Maigidana ya nuna mini taswira ran da na fara aiki, ya ce nan banki yana ba da rance, nan ba ya bayarwa. Ni kuma na nuna miki a mota. Kin manta?"

Ban manta ba. Ina da shekara ashirin da bakwai, yana tuƙi, ya nuna da yatsa ba tare da ya rage gudu ba.

Na ce, "Baba, da ba a daina ba su rance ba, da unguwar ta lalace?"

Ya daɗe yana kallon taga. Sai ya ce shayinsa ya huce. Na kawo masa wani.

Ba mugu ba ne. Shi ya yi wa maƙwabcinmu jana'iza da kuɗinsa. Ban san inda zan ajiye wannan da wancan ba.

Talata, 26 ga Oktoba

Lauya a waya, minti biyar. Kada in rubuta komai, kada in nemi mutumin, kada in ce "kuskure" ko a mafarki. Ya ce mai yiwuwa lokacin kai ƙara ma ya wuce, in kwantar da hankalina. Murya mai daɗi gare shi.

Asabar, 30 ga Oktoba

Na je unguwar. Cewa na yi zan duba gidan kawai daga mota. An yi masa fenti toka-toka, ƙofa rawaya, kekuna biyu a baranda, kabewa a matakala. Wata tsohuwa a gidan kusa tana share ganye. Ta ce, "Wa kike nema, baiwar Allah?" Na ce Mista Tillman.

Ta ce ya koma wani dogon ginin tsofaffi mai lifta, ta faɗa mini sunan ginin. "Odessa kuwa ta rasu tun Afrilu. Ba ta saba da can ba." Ta kare ni da kallo. "Ke 'yar cocinsu ce?"

Na ce a'a.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Na fita da niyyar zuwa, na juyo daga rabin hanya.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Na je.

Hawa na shida. Ya buɗe ƙofa, ya rame, amma tsayin yana nan. Kafin in gama faɗin sunana ya ce, "Na gane ki. Mai tef." Ya matsa gefe. "Shigo. Ba a barin mutum a ƙofa."

Ɗaki ɗaya da falo. Kwalaye har yanzu a jere a bango, ba a buɗe ba. Keken matarsa a naɗe bayan ƙofa. Ya ba ni kujera, shi ya zauna bakin gado mai naɗewa.

Na faɗa masa. Duk abin da lauya ya hana. Na ce kuɗin da na yi wa gidansa ba daidai ba ne, gidajen da ya kawo su ne ya kamata in duba, kuma ya cancanci rancen. Muryata kamar ta wata.

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na sani. Ai ni na kawo miki su."

Sannan ya ce, "Minti ashirin da biyu kika yi a gidana. Na duba agogo. Shekara arba'in da ɗaya ina cikinsa. Ɗiyata Charmaine tun kafin ki zo ta ce, Baba, sauke hotunan nan, in kira wani Bature abokin aikina ya zauna a falo kamar gidansa ne. Na ce mata ban taɓa ɓuya a gidana ba, ba zan fara da tsufa ba. Har yau ba ta ce mini ‘ai na gaya maka' ba. Yarinyar kirki ce."

Na tambayi yadda aka yi ya sayar. Ya ce bayansa ya gaza. Ranar da suka faɗi tare a matakala ya san an gama. Mutanen kamfanin suka zo, ya nuna musu jakar rasit, su kuma suka tambaye shi nawa banki ya yi wa gidan. "Ba na ƙarya. Na nuna musu takardarki. Suka ƙara dubu uku, wai don mutunci."

Odessa, in ji shi, kullum da la'asar sai ta tambaye shi yaushe za su koma gida. Tana son ganin tumatirinta ta tagar kicin. Ya ce mata sai bazara. Haka ya yi ta cewa.

Na ce masa ya yi haƙuri. Kalmar ta fito ƙarama ƙwarai.

Ya ce, "In yafiya kika zo nema, mai yafe miki tana maƙabarta. Ni ba ni da ita a hannu yanzu, ba zan yi miki ƙarya ba." Ya dube ni. "Amma ke ai mai sa hannu ce. Wancan kin rubuta kin sa hannu, ya bi ni har nan. Wannan kuma da baki kika kawo."

Na miƙe.

Ya raka ni har lifta. Shi ya danna mini maɓallin.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Gida biyu. Na yi aikin, ban san yadda na yi ba.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Bayan coci na zauna na lissafa abin da zai iya faruwa in na rubuta wa hukumar lasisi da kaina. Biyan tara. Ƙarin kwas. Dakatarwa. Sunana a shafinsu inda kowane banki zai gani. Inshora za ta iya zame jiki tun da na saɓa wa lauyansu. Shekarata hamsin da takwas, ban iya wata sana'a ba, kuma kuɗin ɗakin Baba daga wannan aikin yake fitowa.

Kuma ba zai dawo masa da gidan ba. Wannan na maimaita wa kaina ya fi sau goma. Gaskiya ce kuwa.

Talata, 9 ga Nuwamba

Na kira Misis Broadnax, lambarta tana bayan takardar kwas. Na zata za ta yi murna. Ta saurara har na gama, ta ce, "Misis Janiak, ni ba limamiya ba ce, ba zan ce ki yi ko kada ki yi ba. Ki sami lauyan kanki, ba na inshora ba. In za ki rubuta, ki rubuta abin da ya faru kawai. Kada ki yi kuka a takarda, ba ya amfanar mutumin."

Na tambaye ta ko ita ta taɓa. Ta ce, "Wanda ya koya muku shi ya koya mini. Kina tsammani ni da wata taswira daban na fara?"

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi. Sau huɗu ina cire "amma".

Litinin, 15 ga Nuwamba

Sabuwar lauyar ta karanta, ta gyara kalma biyu, ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na sa hannu a ofishinta. Ɗaya zuwa hukuma, ɗaya zuwa banki. Ta ce wasiƙar da zan aika wa Mista Tillman ta zama gajera, ta nuna mini abin da doka ta yarda in faɗa a ciki. Na kai gidan waya da kaina.

Na gaya wa Duane da na dawo. Ya ce, "Kin kashe kanki." Can kuma ya ce, "Mu ma kin ja mana, yanzu kowa za a bincika." Bai yi mini magana ba har aka tashi. Da zai fita ya ajiye mini rabin biredinsa a tebur kamar kullum.

Lahadi, 21 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta farko. Baba bai gane ni ba yau, ya kira ni da sunan Mama. Ban gaya masa maganar wasiƙar ba. Ba zan gaya masa ba.

Laraba, 1 ga Disamba

Amsar hukuma ta zo. Sun buɗe bincike, suna son fayil ɗin gaba ɗaya, za su kira ni a watan Janairu. Bankin ya cire ni daga jerin masu yi masa ƙiyasi har a gama. Wani bankin ma ya yi shiru, aikin da ya saba turowa bai zo ba.

Daga Mista Tillman babu komai. Charmaine ce ta bar saƙo a waya, jimla biyu: sun samu, kuma sun kai wa wani lauya. Ba godiya, ba zagi. Ban san me nake jira ba da ma.

Duane ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce ya tambaye ni a Janairu.

Ba na jin na zama wata daban. Kwas ɗin nan har yanzu ina ganin awa uku ta ishe shi. Kuskure ɗaya ne na gani, na gyara abin da zai gyaru, iyakarta ke nan.

Sauran fayil tara suna kan tebur tun Oktoba. Yau na ce zan mayar da su kabad, tun da ba aiki. Na ɗauka har na kai bakin kabad ɗin. Sai na dawo na zauna, na buɗe na wata mata mai suna Misis Pettway, layi huɗu yamma da Holton. Don dai in ga ko na rubuta kwanan wata daidai.